Muryar Baƙo a Ƙarshen Dogo

A Ƙaura, inda dogo ya gaji ya tsaya,
bayan siton gyaɗa, daura da mai gyaran agogo,
akwai wani ɗaki mai warin kananzir da tawada.
Nan na yi shekara ashirin da uku
ina jera maganar da ba na ji.

Baba Oyewusi ya zo daga Ogbomosho
da akwatin ƙarfe, da tari, da injin da ake takawa da ƙafa.
Ya ce sunan takardar Ohun Alejo.
Na ce, me ke nan?
Ya ce, Muryar Baƙo. Wanke hannunka, Nomau, ka zo.

Haruffan dalma ne, kowanne da gurbinsa,
a juye ake jera su, kai a ƙasa.
Wasu da ɗigo a gindi kamar akuya ta wuce,
wasu da 'yar hula a karkace.
Ran da na ɗora hula inda babu hula,
a sanarwar biki,
sai na mai da angon wata baiwar Allah fartanya.
Mako guda layin teloli na dariya.
Baba bai dake ni ba. Ya cire mini sisi.

Ran Juma'a take fita, tana ɗumi kamar waina.
Ɗari huɗu muke bugawa.
Direbobi su kai Gusau, su kai Shinkafi,
mata masu tasoshi su sa yaro ya karanta musu
wa ya haihu, wa ya koma gida a mota,
wa ya koma gida a labari kawai,
nawa ƙwaryar goro a kudu,
wa ya ci kuɗin adashi ya shiga jirgin dare.

Shekarar yaƙi ɗan sanda ya shigo,
ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa.
Ya ce abin da hukuma ba ta iya karantawa
ba ta yarda da shi ba.
Baba ya ce, ranka ya daɗe, kuɗin goro ne da mamata.
Daga ranar aka tsaga shafi biyu,
hagu nasu, dama namu.
Sai a lokacin na san abin da hannuna ya daɗe yana faɗi.

Ba hukuma ta kashe ta ba.
'Ya'yansu ne suka tashi da namu a bakin rafi.
Uwa ta yi kira da Yarabanci,
ɗa ya amsa, mi kika ce, Inna?
Ido ya riƙa zamewa zuwa dama.
Ɗari huɗu ta koma ɗari da hamsin,
ta koma talatin da bakwai,
tsofaffi duka, kowa da tabarau ɗaure da zare,
kuma kowane wata mu buga rasuwar ɗaya
mu rage takarda ɗaya.

Ta ƙarshe, ni kaɗai na jera ta.
Sunansa ne a sama.
Na duba kowace hula sau uku.

Bara jikarsa Sidikatu, mai aikin jinya a asibiti,
ta kawo mini dami da gara ta ci gefensa.
Ta ce, Baba Nomau, kai ka san hagun nan.
Na karanta mata da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ba,
ni ban ji ba, ita ba ta ji ba.
Muka zauna shiru, awaki na wucewa.

Ta ce, ina haruffan?
Na ce, an auna su a sikeli,
wani masunci daga Bakolori ya saya,
ya narka, ya ɗaura a bakin birgi.
Suna can ƙarƙashin ruwa,
da ɗigonsu da hularsu,
suna jan raga zuwa ƙasa.